Sharhi: Nepal ta san duwatsunta, saura ilimin ya isa ƙauye

Gab da asubahin ranar Talata, 8 ga watan Yulin 2025, wani ruwa mai ɗauke da laka da manyan duwatsu ya gangaro daga yankin Tibet na ƙasar Sin, ya yi awon gaba da gadar Miteri da ta haɗa Nepal da Sin a mashigar Rasuwagadhi. Ruwan ya halaka mutane, wasu suka ɓace, ya kwashe manyan motoci da kayan fatake da ke jiran izinin wucewa, ya kuma lalata tashoshin lantarki da ke bakin kogin. Abin da ya fi ɗaure wa mazauna yankin kai shi ne babu wani ruwan sama mai ƙarfi da aka yi a wajensu a daren. Sai bayan kwanaki, da masana suka duba hotunan tauraron ɗan'adam, aka tabbatar cewa wani tafki ne da ya taru a kan curin ƙanƙara a tsallaken iyaka ya ɓalle.

Lamarin ya zo ne watanni kaɗan bayan cikar shekara 10 da girgizar ƙasar Gorkha ta 2015, wadda ta kashe mutane kusan 9,000. A cikin waɗannan shekaru Nepal ta kafa dokoki, ta buɗe sabbin hukumomi, ta ƙara na'urorin sa ido, masananta kuma sun wallafa binciken da ake karantawa a manyan jami'o'in duniya. Duk da haka gida yana rushewa a kan masu shi a ƙauye, hanya tana zaftarewa da motar fasinja, ambaliya tana riskar mutane suna barci. Wanda ya bi tarihin cibiyoyin binciken ƙasa da duwatsu na Nepal zai ga cewa ilimin ya samu, kuma da yawansa 'yan ƙasar ne suka samar da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne tazarar da ke tsakanin ofishin masani a Kathmandu da hannun maginin da ke ɗora dutse a kan dutse a bayan tsauni.

Ƙasar da ba ta tsaya wuri guda ba

Nepal ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan 29, a matse tsakanin Indiya da Sin. Faɗinta daga kudu zuwa arewa bai wuce kilomita 200 ba a galibin wurare, amma a cikin wannan 'yar tazara ƙasa tana tashi daga filayen Tarai, waɗanda a wasu wurare tsayinsu bai kai mita 100 daga doron teku ba, har zuwa ƙololuwar Everest mai mita 8,848.86. Takwas daga cikin tsaunuka 14 na duniya da suka haura mita 8,000 suna cikin ƙasar ko a kan iyakarta.

Asalin wannan tsayi karo ne. Kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, ƙaton faifan dutsen da ke ɗauke da Indiya ya yi karo da na Asiya, kuma har yau bai daina turawa ba. Yana kutsawa ƙarƙashin tsaunukan Himalaya, abin da ke matse su da kimanin santimita 2 a kowace shekara. Shaidar wannan tana nan a fili: dutsen da ke ƙololuwar Everest ya samu ne a ƙarƙashin teku, kuma a kwarin kogin Kali Gandaki ana tsintar baƙaƙen duwatsu masu ɗauke da siffar halittun teku na dā, waɗanda mabiya addinin Hindu ke kira shaligram suna girmama su.

Matsalar ita ce wannan turawa ba ta tafiya sumul. Mahaɗar faifan biyu, wata doguwar tsaga da ke kwance a ƙarƙashin ƙasar baki ɗaya, takan cije na tsawon ɗaruruwan shekaru, ƙarfi yana taruwa, har ranar da za ta kuɓuce lokaci guda. Santimita 2 a shekara mita 2 ke nan a ƙarni guda. Idan wani yanki ya yi shekara 500 bai motsa ba, bashin mita 10 ne ke kansa. A saman wannan kuma akwai damina mai zubar da galibin ruwan shekara tsakanin Yuni da Satumba a kan gangare mai raunin dutse, ga kuma ƙanƙarar kan tsaunuka da ke narkewa saboda ɗumamar yanayi.

Yadda cibiyoyin suka samu

Har zuwa 1950 Nepal a rufe take ga galibin baƙi, a ƙarƙashin mulkin iyalan Rana. A shekarar ce masanin duwatsu ɗan ƙasar Suwizalan, Toni Hagen, ya fara shiga ƙasar, daga baya ya yi aiki a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya taka kimanin kilomita 14,000 a ƙafa yana zana taswirar duwatsunta. Aikinsa ya zama harsashin da waɗanda suka biyo baya suka ɗora a kai, amma ya kuma nuna yadda abin ya faro: baƙo ne ke bincike, ɗan ƙasa na ɗauke masa kaya.

Sauyi ya fara ne a ajin karatu. A 1967 aka soma koyar da ilimin duwatsu a Kwalejin Tri-Chandra da ke Kathmandu, daga bisani Jami'ar Tribhuvan ta buɗe karatun digiri na biyu a wannan fanni a harabarta ta Kirtipur. A 1976 gwamnati ta haɗe ofishin ma'adinai da na safiyon duwatsu, ta samar da Sashen Ma'adinai da Ilimin Duwatsu, wanda har yau shi ne uwa ma ba da mama a wannan harka. Bayan shekara biyu, a 1978, aka girka na'urar farko ta auna girgizar ƙasa a kan tsaunin Phulchoki, kudu da Kathmandu, da haɗin gwiwar wata cibiyar bincike ta gwamnatin Faransa. Daga wannan na'ura guda aka faɗaɗa zuwa jerin tashoshi a sassan ƙasar, da cibiya a babban birni da wata a Surkhet ta yammaci. A 1980 masanan suka kafa Ƙungiyar Masana Duwatsu ta Nepal, wadda ke fitar da mujallar bincike tata ta kanta.

A 1983 aka buɗe cibiyar ICIMOD a Kathmandu, wadda ƙasashe takwas na yankin tsaunukan Hindu Kush da Himalaya suka haɗu a kanta: Afghanistan, Bangladesh, Bhutan, Sin, Indiya, Myanmar, Nepal da Pakistan. Ita ce ɗaya daga cikin wurare ƙalilan da masanan waɗannan ƙasashe, waɗanda wasunsu ba sa ga maciji da juna, ke zama a teburi guda.

Sauran cibiyoyin kuwa bala'i ne ya haife su. Girgizar ƙasar Udayapur ta watan Agustan 1988, wadda ta kashe fiye da mutum 700 a gabashin Nepal, ita ta sa aka rubuta ƙa'idojin gini na ƙasa a 1994, ita kuma ta zaburar da wasu injiniyoyi da masana duwatsu, ƙarƙashin jagorancin Amod Mani Dixit, suka kafa ƙungiyar NSET mai fafutukar rage ɓarnar girgizar ƙasa. Girgizar 2015 ta haifar da Hukumar Sake Gina Ƙasa a watan Disambar shekarar, da dokar rage haɗarin bala'o'i ta 2017, da hukumar da aka kafa a ƙarshen 2019 don aiwatar da ita. Kusan kowane mataki sai da aka binne mutane kafin a ɗauke shi.

Abin da masanan suka gano

Ba za a ce masanan Nepal sun zauna hannu rabbana ba. Shekara da shekaru ana ɗauka cewa babbar girgizar ranar 15 ga Janairun 1934, wadda ta kashe fiye da mutum 8,500 a Nepal kaɗai, ba ta tsaga doron ƙasa ba. A 2013 wani ayarin masana ƙarƙashin Soma Nath Sapkota na Sashen Ma'adinai da Ilimin Duwatsu, tare da abokan aiki daga Faransa da Singapore, ya wallafa sakamakon haƙar da ya yi a bakin wani rafi a gindin tsaunukan kudu maso gabashin ƙasar. Sun gano tsagar da girgizar 1934 ta bari, suka kuma gano alamar wata da ta gabace ta a wuri guda, wadda suka danganta da girgizar shekarar 1255 da tarihin gargajiya ya ce ta kashe Sarki Abhaya Malla na kwarin Kathmandu. Wannan ya ba da ma'aunin farko na tsawon lokacin da wannan yanki ke ɗauka kafin ya sake motsawa.

Tun kafin nan, a ƙarshen shekarun 1990, NSET da wata ƙungiyar Amurka sun yi ƙiyasin cewa idan girgiza irin ta 1934 ta maimaitu, mutane kimanin 40,000 za su iya mutuwa a kwarin Kathmandu kaɗai. Dalili shi ne birnin yana zaune a kan busasshen tafki, a kan laka da yashi masu zurfin ɗaruruwan mita, waɗanda ke ƙara wa girgiza ƙarfi kamar yadda ruwa ke kaɗawa a cikin kwano.

Da ranar ta zo, Asabar 25 ga Afrilun 2015, da misalin ƙarfe 11:56 na safe, girgizar ta kai maki 7.8, cibiyarta tana kusa da ƙauyen Barpak a gundumar Gorkha. Wata mai maki 7.3 ta biyo baya ranar 12 ga Mayu. Mutane kimanin 22,000 suka jikkata, gidaje fiye da rabin miliyan suka rushe, aka ƙiyasta asarar da kimanin dala biliyan 7, wato kusan sulusin abin da tattalin arzikin ƙasar ke samarwa a shekara. A kwarin Langtang, ƙanƙara da duwatsu sun rufto daga tsauni suka binne ƙauye guda, mutane fiye da 300 suka halaka.

Na'urorin auna motsin ƙasa ta tauraron ɗan'adam, waɗanda sashen ya girka tare da masana daga Faransa da Jami'ar Caltech ta Amurka, sun naɗi abin da ya faru daƙiƙa bayan daƙiƙa. Sun nuna cewa yankin Kathmandu ya matsa kudu da fiye da mita 1, ya kuma ɗaga sama. Sun nuna cewa kwarin ya yi lilo ne a hankali, irin lilon da ya fi cutar da dogayen gine-gine kamar hasumiyar Dharahara da ta faɗi, ya bar gajerun gidaje da yawa a tsaye. Wannan, tare da cewa Asabar ranar hutu ce kuma yara ba sa cikin dubban azuzuwan da suka rushe, shi ya sa adadin mamatan bai kai abin da aka ji tsoro ba. Sa'a ce, kuma masanan sun faɗi haka ƙarara. Sun kuma yi gargaɗi cewa kuɓucewar ta tsaya a ƙarƙashin ƙasa ba ta fito fili ba, don haka ba ta sauke dukkan ƙarfin da ya taru ba.

Akwai wani abu da ya nuna yadda ƙwarewar cikin gida ta bunƙasa. Tsayin Everest da duniya ta daɗe tana amfani da shi, mita 8,848, masu safiyon Indiya ne suka auna shi a shekarun 1950. A watan Mayun 2019 ma'aikatan Sashen Safiyo na Nepal, ƙarƙashin Khim Lal Gautam, suka hau ƙololuwar da na'urorinsu, kuma a ranar 8 ga Disambar 2020 Nepal da Sin suka sanar da sabon adadi tare. A karon farko ƙasar ta auna tsauninta da hannun 'ya'yanta.

Daga takarda zuwa bango

Girgizar ƙasa ba ta cika kashe mutum a fili ba, rufi da bango ne ke kashe shi. A nan ne tazarar ta fi bayyana. Ƙa'idojin ginin da aka rubuta a 1994 ba su sami amincewar gwamnati ba sai a 2003, kuma ko bayan nan birane ƙalilan ne, irin su Lalitpur, suka fara tilasta aiki da su. A karkara, inda ake gini da dutse da taɓo, magini bai taɓa ganin takardar ba.

Alhali maganin ba mai tsada ba ne. Ɗamarar katako ko ta siminti da rodi da ke zagaye bango a matakin taga da ƙofa da rufi, dogayen duwatsu masu ratsa kaurin bango suna ɗaure fuskokinsa biyu, kusurwoyi da aka sarƙe da kyau, da rufi marar nauyi: waɗannan kan ba mutanen gida daƙiƙun da za su fice da ransu. NSET ta fara gwada haka a makarantun gwamnati tun ƙarshen shekarun 1990, tana ƙarfafa tsofaffin gine-gine tana horar da maginan unguwa a wajen aikin. Makarantun da aka ƙarfafa a kwarin Kathmandu sun tsaya a 2015, wasunsu ma suka zama mafakar jama'a.

Bayan girgizar, Hukumar Sake Gina Ƙasa ta ɗauki wannan darasi. Ta ba kowane magidanci tallafin rupi 300,000 kashi-kashi, ba a sakin kashi na gaba sai injiniya ya duba ya tabbatar an bi ƙa'ida. Ta kuma tura masana duwatsu suka duba ɗaruruwan matsugunai, suka kasa su gida uku: inda za a iya zama, inda sai an yi gyara, da inda dole a tashi. An yi jinkiri, an yi ƙorafi, wasu iyalai sun ci bashi sun gina ɗaki guda da bai ishe su ba. Amma kafin a rufe hukumar a watan Disambar 2021 an sake gina ɗaruruwan dubban gidaje da suka fi na dā ƙarfi.

Sai dai wannan aiki ya tsaya ne a gundumomin da girgizar ta shafa. Daren 3 ga Nuwamban 2023, wata girgiza da ba ta kai ko kusa da ƙarfin ta Gorkha ba ta auka wa Jajarkot da Rukum ta Yamma, a lardin Karnali, ɗaya daga cikin lardunan da suka fi talauci a ƙasar. Fiye da mutum 150 suka mutu, galibinsu a cikin gidajen dutse da taɓo da suka rufta musu suna barci, wasu kuma sanyin hunturu ya ƙarasa su a cikin tantuna. Duk abin da ake buƙatar sani don hana wannan an san shi shekara 8 kafin nan. Bai dai ƙetara tsaunuka ya isa yamma ba.

Katafila a kan gangare

Kundin tsarin mulkin 2015 ya raba Nepal zuwa larduna 7 da ƙananan hukumomi 753, ya ba su kuɗi da iko a kan hanyoyin karkara da izinin gini. Ga mutumin da ke tafiyar kwana biyu a ƙafa kafin ya kai asibiti, hanyar mota ita ce buƙata ta farko, kuma duk ɗan takarar da ya kawo ta ya ci zaɓe. Abin da ya biyo baya shi ne katafila tana yanka gefen tsauni ba tare da taswira ba, ba magudanar ruwa, ba bangon tallafi, ana tura ƙasar da aka tono zuwa gangare. Damina na sauka sai gefen tsaunin ya biyo. Binciken da aka yi a gundumomin tsakiyar ƙasar ya nuna cewa zaftarewar ƙasa ta fi yawa a kusa da irin waɗannan hanyoyi.

Ɓarnar zaftarewa ba ƙarama ba ce. A watan Agustan 2014, a Jure, gefen tsauni ya faɗo ya kashe fiye da mutum 150, ya toshe kogin Sunkoshi ya mai da shi tafki. Girgizar 2015 ita kaɗai ta haddasa zaftarewa kimanin 25,000, ta kuma bar gangare da yawa a tsattsage suna jiran ruwa. A watan Yulin 2024, a Simaltal, laka ta tura motocin safa biyu cikin kogin Trishuli da mutane kimanin 60. A ƙarshen Satumbar shekarar, ruwan kwana biyu ya kashe fiye da mutum 200 a Kathmandu da kewaye.

Masana duwatsun gwamnati sun taru ne a ofisoshin tarayya da jami'o'i, yanke shawarar inda hanya za ta bi kuwa yana hannun shugaban ƙaramar hukuma da ɗan kwangila. Taswirar haɗari da aka zana a babban birni, a ma'aunin da ke nuna gunduma guda a shafi ɗaya, ba ta gaya wa mai tuƙa katafila ya kauce wa wannan kwazazzabo ya bi ta wancan ba. Ga kuma ƙaura: dubun-dubatar ɗalibai na barin ƙasar kowace shekara don karatu a waje, kuma waɗanda suka ƙware da yawansu ba sa dawowa ga albashin gwamnati.

Ruwan da ke rataye a sama

Yayin da ƙanƙarar tsaunuka ke ja da baya, takan bar tafkuna a bayan tarin tsakuwa da duwatsu marasa ƙwari. A ranar 4 ga Agustan 1985 ɗaya daga cikinsu, Dig Tsho, ya ɓalle a yankin Everest, ya rusa wata ƙaramar tashar lantarki da ake gab da kammalawa. Tun daga nan aka fara lissafa su. Rahoton da ICIMOD ta fitar a 2020 tare da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ware tafkuna 47 masu haɗari a kogunan Koshi da Gandaki da Karnali: 21 a Nepal, 25 a Tibet, ɗaya a Indiya. Wani rahoton cibiyar na 2023 ya ce ƙanƙarar yankin ta narke da saurin da ya ƙaru da kashi 65 cikin ɗari tsakanin 2011 da 2020 idan aka kwatanta da shekaru goman da suka gabata.

Biyu kacal daga cikin tafkunan aka taɓa rage wa ruwa. An sauke Tsho Rolpa da mita 3 a shekarar 2000 da tallafin ƙasar Holan, sojojin Nepal kuma suka sauke Imja da mita 3.4 a 2016. Labarin Tsho Rolpa yana da darasi na biyu: jiniyoyin gargaɗin da aka girka a ƙauyukan da ke ƙasansa a ƙarshen shekarun 1990 sun daina aiki cikin 'yan shekaru saboda rashin kulawa. Mai ba da tallafi yakan sayi na'ura, amma batir da albashin mai gadi sai kasafin gwamnati.

Jerin sunayen ma bai ƙunshi komai ba. Ambaliyar da ta ratsa ƙauyen Thame ranar 16 ga Agustan 2024, ta rusa gidaje da makaranta da asibitin sha-ka-tafi, daga ƙananan tafkuna ta fito waɗanda ba a sa wa ido sosai ba. Mutane sun tsira ne domin da rana abin ya faru. Ta Rasuwagadhi kuwa ta ƙara fito da wata matsalar: fiye da rabin tafkunan masu haɗari suna ƙasar da Nepal ba ta da ikon kafa na'ura a cikinta. Idan babu yarjejeniyar da za ta sa bayani ya ƙetaro iyaka cikin mintuna, duk ƙwarewar Sashen Kula da Ruwa da Yanayi na Nepal ba za ta tayar da mai barci a bakin kogi ba.

Wannan sashen ne kuma ya nuna abin da ke yiwuwa idan ilimi ya sami hanya. Tun 2016 yake aika saƙon gargaɗi ta wayar salula ga mazauna bakin manyan koguna, tare da kamfanonin sadarwa, da zarar na'urar auna ruwa ta nuna an haura ƙa'ida. A filayen kudu, inda ruwa kan ɗauki sa'o'i kafin ya iso, saƙon ya ba iyalai da yawa damar kwashe yara da dabbobi zuwa tudu.

Dukiyar da ke kan layi

Batun ya wuce ceton rai kaɗai. Kusan dukkan lantarkin da Nepal ke samarwa daga ruwa yake, kuma a kansa ta ɗora burinta na arziki. A watan Janairun 2024 ta ƙulla yarjejeniyar sayar wa Indiya megawat 10,000 cikin shekara 10. Kowace madatsa da kowane ramin da aka huda cikin tsauni caca ce a kan abin da dutse zai yi. Tashar Upper Tamakoshi mai megawat 456, mafi girma a ƙasar, girgizar 2015 ta jinkirta ta, zaftarewar Satumbar 2024 kuma ta dakatar da ita na tsawon watanni. Aikin ruwan sha na Melamchi, mai ramin kilomita 26 da aka shafe shekara sama da 20 ana jira, ya fara kai ruwa Kathmandu a farkon 2021, amma a ranar 15 ga Yunin shekarar ambaliyar tsakuwa ta binne mashigarsa. An nazarci dutsen da ramin zai ratsa, ba a nazarci tarin tsakuwar da ke kwance can sama da shi yadda ya kamata ba.

A ɓangaren ma'adinai, dutsen siminti shi ne babban abin da ƙasar ta ci moriya, har ta kai ga wadatar da kanta da siminti. An kuma yi haƙar gwaji don neman iskar gas a Dailekh tare da hukumar safiyon duwatsu ta Sin. Sashe guda ne ke ba da lasisin haƙar ma'adinai, yake zana taswirar duwatsu, yake kuma sa ido a kan girgizar ƙasa. Aikin farko yana kawo kuɗin shiga, sauran biyun kuwa amfaninsu ba ya bayyana sai ranar da abin da aka hana bai faru ba, kuma a ƙasar da ta sauya firaminista fiye da sau goma tun 2008, ba kowane minista ke da haƙurin jiran irin wannan riba ba.

Yammacin da ya yi shiru

Abin da ya fi hana masanan barci shi ne yankin da ke yamma da Gorkha har zuwa iyakar Indiya. Babbar girgiza ta ƙarshe da aka sani a can ita ce ta shekarar 1505. Fiye da shekara 500 ke nan tsagar tana cije, kuma ƙananan girgiza irin ta Jajarkot ba su rage wani abin kirki daga ƙarfin da ya taru ba. Babu masanin da zai iya faɗin rana, amma wurin an san shi, girman abin ma an ƙiyasta shi.

Abin da ya rage a yi ba ɓoyayye ba ne. Ƙananan hukumomi suna buƙatar masanin duwatsu da injiniya da za a tuntuɓa kafin katafila ta tashi, ko da larduna ne za su ɗauke su aiki su raba su. Horar da magina da ƙarfafa makarantu da asibitoci, wanda aka yi a tsakiyar ƙasar bayan an yi asara, ya kamata a yi shi a Karnali da Sudurpashchim kafin a yi ta. Na'urorin da abokan hulɗa suka bayar suna buƙatar layi na dindindin a kasafin kuɗi. Musayar bayanan ruwa da ƙanƙara da Sin kuma ta cancanci zama a sahun gaba na tattaunawar ƙasashen biyu, daidai da batun hanya da ciniki.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga na'ura guda a kan Phulchoki zuwa yau, Nepal ta kusa cika shekara 50 tana sauraron duwatsunta, kuma sun gaya mata inda haɗarin yake. Gidajen dutse da taɓo na yammacin ƙasar, da makarantun da yara ke cika kowace safiya a can, su ne za su nuna ko an yi aiki da abin da aka ji.